Ruwan Lambun Masussuka

Litinin, 8 ga Yuli, bayan La'asar

Na zagaya lambun na ƙirga. Zaitun goma sha ɗaya, ɓaure shida, rumman tara a bakin titi, sai dabino huɗu da muka tarar a wurin. Talatin cif. Benci biyar, ɗaya ƙafarsa tana rawa, na ɗaure ta da waya.

Babu wanda ya zo zama yau sai Lalla Hadda, tsohuwar da ke kaɗin ulu a gindin zaitun na farko. Na gaishe ta, ta amsa, ba ta ɗago ba.

Matata Itto tana gidan mahaifinta tun Asabar. Ta ce kwana biyu za ta yi. Ta ɗauki keken ɗinkinta.

Ba zan rubuta maganar ranar Juma'a ba tukuna.

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe 6 na safe

Zan jera yadda aka fara, don in ga inda na kauce.

A watan Mayu injiniyar ofishin tsara gari, Naima, ta kira mu 'yan kwamitin lambu. Ana sabunta taswirar gari. Ta ce masu manyan motoci suna neman wurin tsayawa na lokacin ɗibar dabino, kuma idonsu yana kan lambunmu, tunda a takarda har yanzu fili ne kawai. In an rubuta shi lambun jama'a, ba mai taɓa shi. Ta ba mu fom. Aka miƙo mini, don ni ne na gama sakandare, ni ke aiki a gidan waya, ni ne mai kyan rubutu. Na ji daɗi da aka miƙo mini. Wannan ma ya kamata in rubuta.

A shafi na biyu an tambayi yawan ruwan da wurin ke samu, a minti. Mu ba mu da minti, tasa muke da ita. Rabon lambu tasa huɗu ne duk kwana goma sha biyu. Ammi Bassu, mahaifin Itto, wanda kowa ke ce wa Ammi, wato baffa, shi ke riƙe da tasar shekara talatin da ɗaya. Yakan zauna a mararrabar ruwa da bokiti tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗora tasar tagulla mai huda a gindi, in ta cika ta nutse ya ƙulla ƙulli ɗaya a ganyen dabino, ya zubar ya sake ɗorawa.

Na auna tasar da agogona. Minti bakwai da rabi. Huɗu ke nan minti talatin. Sannan na tsaya a bakin lambu na auna tun shigar ruwa har yankewarsa, zagaye uku a jere. Arba'in da tara. Hamsin da biyu. Arba'in da takwas.

Na zaci agogona ne ya lalace. Har na ari na mai kantin magani.

Talata, bayan Magariba

Na dafa ƙwai. Ban san inda Itto take ajiye gishiri ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan Azahar

Ranar ruwanmu ta farko ba tare da tasa ba. Dattawa sun ce daga yanzu agogo ne, kuma ni zan riƙe na wannan yankin tunda ni na iya. Ban gane ko girmamawa ce ko hukunci ba.

Na buɗe ƙarfe sha ɗaya. Bayan lambu rabon gidan su Addi ne, daga inda namu ya tsaya har kiran sallar Azahar. Addi abokin wasana ne tun muna aji ɗaya. Yau ya tsaya can nesa da fartanya a kafaɗa. Ƙanensa Hmad, wanda ya zo hutu daga Kasablanka, shi ya tsaya a kaina da waya a hannu, yana kallon lambobi.

Sha ɗaya da rabi na toshe namu da laka da tsumma, na juya musu. Ruwa ya gama zaitun, ya shiga ɓaure huɗu. Rumman bai ko ji ƙamshinsa ba.

Hmad ya ce aiki ya yi kyau, haka ake yi a ko'ina a duniya. Na ce na gode.

Lahadi, 14 ga Yuli, hantsi

To. Ranar Juma'a biyar ga wata, bayan an sauko, masu rabon ruwa suka zauna a zauren masallaci kamar kullum. Aka gama maganar yashe magudana. Aka ce ko akwai mai magana. Na tashi da takardata.

Ban zargi kowa ba. Allah shi ne shaida. Abin da na ce shi ne, "Jama'a, ku taimake ni, lissafina ya ƙi fita." Na karanta lambobin duka. Har na yi 'yar dariya, na ce ko dai ni ne aka ba sakamakon sakandare bisa kuskure.

Babu wanda ya yi dariya. Liman ya kalli tabarma. Addi ya rufe ido. Hmad ne ya ce a sake karanta masa, a hankali.

Ammi Bassu ya zaro tasar daga cikin jallabiyarsa, ya goge ta da gefen hannun riga, ya ajiye a gaban dattawa. Ya ce idonsa ya yi rauni, lokaci ya yi. Ya fita. Ya daɗe yana neman takalminsa a ƙofa, muna ji, ba wanda ya juya.

A hanyar gida ne na gane asirin wanda na tona. Wajen kantin mai burodi.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan La'asar

Zafi. Ganyen rumman ya fara naɗewa.

Da muna yara nan ne masussukar unguwa. Babana yakan tsaya a tsakiya da igiya, alfadarai uku suna zagaya shi a kan damman alkama, ƙaiƙayi yana shiga mana ido da wuya. Idan an gama, mata su kawo burodi mai zafi da man zaitun, a zauna a kan buhuna. Da injin sussuka ya zo, wurin ya zama juji. Shekara goma muna wucewa da hannu a hanci.

Shekara goma sha takwas ke nan da muka yi gayya muka kwashe jujin. Kwana tara. Kowane gida ya kawo itace ɗaya ko biyu ya dasa da hannunsa. Babana ya kawo reshen ɓauren gidanmu, duk da lokacin ƙafarsa ta fara ciwo. Ammi Bassu ya kawo rumman tara a bayan jaki, ya ce a sa su bakin titi don mai wucewa ya miƙa hannu. Tasa huɗun kuwa ta wata tsohuwa ce da ta rasu ba magaji, dattawa suka ba lambu.

A rana ta shida Itto ta zo da butar shayi. Na karɓi kofi na ce sukari ya yi yawa. Ta ce wanda bai cika kwando biyar ba tun safe ba ya cikin masu gyara shayi. Na cika goma sha biyu kafin Magariba. Washegari ban iya ɗaga hannu ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, safe

Injiniya Naima ta buga waya. Za ta zo ranar 20 ga Agusta ta ɗauki hotuna ta buga iyaka. Abin da ta samu kore shi za ta zagaye. Abin da ya bushe ba ta da hujjar sa shi a ciki. Ta faɗa da tausasawa, ba laifinta ba ne. Layin rumman shi ne bakin titi, shi ne daidai inda motoci ke so.

A fom na rubuta itatuwa talatin.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan Azahar

Na bi gida bakwai ina roƙon kowa ya ba lambu ko da minti uku daga rabonsa, a rubuta a gaban dattawa. Na sha shayi kofi goma sha huɗu. Kowa ya karɓe ni da kyau. Kowa ya ce lambun nan nasa ne, 'ya'yansa a ciki suka koyi tafiya. Kowa ya ce a'a. Wani ya ce abin da aka rubuta ya fita daga gida har abada, jikokinsa ba za su yafe masa ba. Wani ya ce sai ya tambayi 'yan'uwansa da ke Faransa. Wani ya cika mini aljihu da dabino ya raka ni har ƙofa.

Na ƙirga, da sun ba ni, da ya yi minti ashirin da ɗaya. Daidai abin da ake bukata. Ban san me ya sa nake ƙirga abin da ba a ba ni ba.

Talata, 23 ga Yuli, bayan Azahar

Talatin. Hmad yana nan yana ƙirga mintocin. Rumman bai samu ba.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan La'asar

Shekara goma sha takwas ina zama gefen Ammi Bassu a ranar ruwan lambu. Nakan nemi izini a wurin aiki in zo. Yana da labarai na lokacin da ya yi aikin haƙar ma'adinai a arewa, da wani shugaban aiki mai tsoron kunama, da yadda aka yi ambaliyar da ta tafi da ƙofar gari. Tasa ta nutse, yana tsakiyar magana, sai ya ƙarasa. Ya tsiyaya shayi daga sama, ya mayar cikin buta, ya sake tsiyayawa. Ya nemi ganyen ƙullin, ya lalube ƙarƙashin jallabiya, ashe ya zauna a kai. Ya ƙulla. Ya tsamo tasar, ya hura hudar, ya ɗaga ta ya leƙa rana ta ciki. Sannan ya ɗora.

Ni kuwa ina ta dariyar kunama.

A ranar ruwan sauran mutane ba ya ba da labari. Yanzu na tuna. Har ana cewa tsohon nan ba ya magana a bakin aiki.

Asabar, 27 ga Yuli, hantsi

Na je gonar Addi. Na tarar da shi a kan dabino yana ɗaure nonnan da 'ya'ya suka yi wa nauyi don kada su karye. Ya leƙo, ya laƙaba mini Si kamar wani babban malami, ya ce, "A'a, Si Agogo da kansa. Ƙarfe nawa ne yanzu a Makka?"

Na ce na zo ba shi haƙuri, ruwansa ne lambu ya sha duk shekarun nan, ban sani ba. Ya sauko a hankali, ya zauna a kan bakin kunya, ya cire ƙaya daga tafin hannu.

"Lahsen, kai kaɗai Allah ya ba ido a garin nan? Ruwana yana farawa in na lambu ya ƙare, yana ƙarewa in ladan ya kira. Kana tsammanin ban san lokacin da inuwa ke kai wancan dutsen ba? Babana ya sani. Ya mutu bai ce komai ba. Ni ma na yi niyyar mutuwa ban ce komai ba, sai ka tashi da takarda."

Na ce to me ya hana ya faɗa a zaure cewa ya yafe.

Ya ce ruwan ba nasa ba ne shi kaɗai. Su biyar ne, uku suna birni, ba su taɓa riƙe fartanya ba amma suna da hakki. Muddin ba a faɗa ba, ba wanda aka cuta. Da aka faɗa a gaban Hmad, ya zama an saci na marayu. Ya ce liman ya sani, dattawa sun sani, Lalla Hadda ta sani, har jakin Ammi Bassu ya sani.

Na ce me ya sa ba a taɓa gaya mini ba.

"Kai surukinsa ne, kana zaune gefensa. Wa zai zaci sai an gaya maka?"

Ya ba ni kankana in kai gida. Na ɗauko. Ta yi wa mutum ɗaya yawa.

Litinin, 29 ga Yuli, safe

Famfon gida yana zuwa awa biyu. Na kai jarka huɗu a keke. Ƙasa ta shanye kamar ban zuba ba. Lalla Hadda ta kawo ruwan alwalarta a buta ta zuba wa rumman na uku, ba ta kalle ni ba.

Laraba, 31 ga Yuli, bayan La'asar

Itto ta zo ɗaukar zare da almakashi. Ta tsaya a tsakar gida ta kalli tukwane, ta naɗe hannun riga, sannan ta sauke shi.

Na tambayi jikin Ammi. Ta ce lafiyarsa lau, yana cin abinci, amma bai fita ba tun ranar. A ɗaki yake salla. Mutane suna zuwa gaisuwa yana cewa a ce yana barci. Na ce ko in zo. Ta ce in zo in ce me.

Na ce ban yi da gangan ba.

"Na sani. Kai ba mugu ba ne, Lahsen. Da mugu ne kai da na san yadda zan yi fushi."

Ta nuna mini gishiri. Yana cikin gwangwanin da aka rubuta shayi.

Asabar, 3 ga Agusta, bayan Magariba

Na zana lambun a takarda na yi lissafi. In na toshe layin ɓaure gaba ɗaya, ruwa zai bi ta gefe ya kai titi da saura minti shida ko bakwai. Ɓaure yana da jijiya mai nisa, wataƙila ya jure zagaye ɗaya. Wataƙila.

Ɓaure na biyar na Babana ne. Ya rasu bai ci 'ya'yansa ba, shekarar da ya fara yi. Na tsinko na farko na kai wa Inna a cikin ganye, ta riƙe shi har ya yi laushi ba ta ci ba.

Ban nemi shawarar kwamiti ba. Kwamitin ma tun watan jiya ba mu zauna ba. In na aika kira, kowa yana da baƙi.

Lahadi, 4 ga Agusta, bayan Azahar

Na toshe ɓaure. Ruwa ya kai rumman biyu da rabin na uku. Talatin. Na juya.

Da tasa ce, da hannuna ya yi nauyi ba wanda zai ce komai. Agogo kowa yana da shi a aljihu.

Alhamis, 8 ga Agusta, safe

Ɓaure yana zubar da ganye. Na biyar ya fi zubarwa. Rumman na takwas da na tara sun zubar da 'ya'ya ƙanana, sun bushe kamar goro. Na karce ɓawon na tara da farce, ƙasansa ba kore.

Talatin ban da ɗaya.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ban je ba yau.

Litinin, 12 ga Agusta, bayan La'asar

Hmad ya koma Kasablanka. Ya biyo gidan waya ya yi mini sallama, ya ce garin nan yana bukatar irina. Ya ce ya gaya wa Addi ya riƙa aika masa hoton agogo duk ranar ruwa. Ba mugun mutum ba ne. Tare muka kwashe jujin nan, shi ne ma ya ɗauko allunan bencin farko.

Saura kwana takwas injiniya ta zo. Ranar ruwa ɗaya ta rage.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan Magariba

Na yi lissafin ta hanya huɗu. Ko ɓaure ko rumman. Ba ya fita.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan La'asar

Na buɗe sha ɗaya daidai. Na bar ɓaure a buɗe, na kasa toshe shi sau biyu. Na zauna a kan dutsen da Ammi Bassu yakan zauna, da agogo a tafin hannu.

Sha ɗaya da rabi na tashi in juya. Addi ba ya nan.

Dokar ta fi tasa tsufa. Ba a juya wa mutum ruwa sai yana tsaye ya karɓa, don in ya fasa kunya ya shiga gonar wani, mai juyawa ke da laifi. Na leƙa hanyar gonarsa. Na kira wayarsa, tana kashe. Na tsaya da laka a hannu. Ruwa ya cika ɓaure na shida, ya ƙetare, na ji shi yana tafiya a busasshiyar magudana yana tura ganye gabansa. Lalla Hadda ta ajiye mazari ta bi shi da sandarta tana kawar masa da tsakuwa.

Can sai ga Addi, yana ɗingishi, yana zagin alfadarinsa da ya tsinke igiya ya shiga gonar masara. Ya zagi alfadarin, ya zagi wanda ya sayar masa, ya zagi gwiwarsa. Addi ya sayar da alfadarinsa tun bara.

Ya ce, "Me kake jira, Si Agogo? Juya mini ruwana, mutum yana da aiki." Na juya. Ya duƙa yana gyara laka, bai kalle ni ba, ya ce tsufa ya kama shi, yana jin nan gaba zai riƙa makara, kuma wayarsa ba ta iya ɗaukar hoto da rana. Na buɗe baki. Ya ce in na ce na gode zai tura ni cikin magudana.

Rumman takwas sun sha. Na tara ya tafi. Ɓauren Babana ban sani ba, sai an ga sabon ganye.

Bayan an sauko daga masallaci ban bi hanyar gida ba. Juma'a shida ke nan ban ci kuskus a gidan Ammi ba. Na yi sallama sau biyu. Itto ta buɗe, ta kalli lakar da ke ƙafar wandona, ta matsa gefe.

Yana zaune a ɗaki, ya rame, carbi a hannu. Na durƙusa na sumbaci kansa. Ya bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara zafi.

"Ya kai titi?"

"Ya kai, Ammi."

"Minti nawa?"

Itto tana tsaye a ƙofa da akushi. Na ce ban duba ba.

Ya kalle ni. Sannan ya janye ƙafarsa daga kan shimfiɗa, ya ce wa Itto ta kawo cokali uku.

Na duba. Ba zan rubuta ba.